Kaskon Turare a Motar Yaya

Har yanzu abin nan bai bar raina ba. Ƙunar ta warke tuni, tabo ne kawai ya rage a tafin hannuna na dama, amma jikina bai yarda an gama ba.

A Gummi ne, shekarar da na gama sakandare ina zaman gida, lokacin da ake wahalar man fetur, direbobi suna yawo da jarka duk inda suka ji an kawo. Yayana direba ne. Motar ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce mai harkar shinkafa a unguwarmu, doguwa mai layin kujeru uku. Yaya yana jigila da ita zuwa Bukkuyum, wani lokaci har Anka. Tun rasuwar Baba da motar nan muke ci, ni da Inna da shi.

Yakan shigar da motar filin bayan gidanmu, inda muke ɗaure awaki, wanda aka zagaye da zana. Wankin waje nasa ne, ba ya barin kowa. Ba ya wanke ta cikin rana, wai kumfa na bushewa ta bar zane a fenti. Sai ya watsa ruwa yashi ya sauka kafin tsumma ya taɓa ta, tsumman ma tsohuwar singiletinsa ce. Ranar da ya gan ni da soson wanke-wanke kusa da ƙofa, kamar zai yi kuka.

"Malama, wagga ba tukunyar Inna ba ce. Aje shi!"

Ciki kuwa nawa ne. In kakkaɓe shimfiɗun ƙasa, in tsince ɓawon gyaɗa da tuƙar rake daga lungunan kujeru, in goge gilashi da tsohuwar jarida har ya yi ƙara.

Wata ranar kasuwa ya ɗauko masu kifi. But ɗin bayan mota ya cika, sai suka ɗora kwandon ɗanyen tarwaɗa a kujerar baya, ledar da suka shimfiɗa kuma ta yage a hanya. Ruwan kifin ya sauka cikin soson kujera. Washegari Alhaji ya leƙa motar, ya ja da baya yana toshe hanci da hannun riga. Ya ce ran Juma'a za a kai mahaifiyarsa Anka ganin likita, tsohuwa ce mai tashin zuciya. In ƙarnin nan bai fita ba kafin nan, zai ba wani makullin.

Na yi duk abin da na sani. Na wanke da omo da ruwan ɗumi, na matse lemun tsami, na barbaɗa toka na bar ta ta sha, na kakkaɓe. Muka buɗe ƙofofi duka rana ta doke ta. Da safe sai a ce ya tafi, rana na yin zafi sai ya taso daga cikin soson kamar yanzu aka zuba. Ƙudaje suka mai da motar gidansu. Yaya ya daina cin abinci sosai. Ya shiga ya shinshina, ya fito, ya zagaya, ya sake shiga. Ni ma na kasa zama wuri ɗaya, ko tuwo nake tuƙawa hankalina yana kan kujerar nan.

Inna tana kallonmu tana taɓe baki.

"Ke da bokonki, shi da tuƙinai, kun kasa da warin kihi? Mu da munka tashi bakin gulbi?"

Ranar Alhamis Yaya ya tafi masallaci sallar Azahar, ni kuma na je ɗebo ruwa maƙwabta. Da na dawo na tarar da Inna zaune a tabarma tana tsince shinkafa, fuskarta wasai.

"Na gama muku aiki," in ji ta. "Na sa mata turare."

Haka ake yi wa tufafi a gidanmu. A zuba garwashi a kasko, a barbaɗa turaren wuta, a kifa kwando, a lulluɓa zane a kai, a rufe ɗaki hayaƙi ya shiga zare. Inna ta yi wa kujerar yadda take yi wa zanenta. Ta tura kaskon ƙarƙashinta don hayaƙin ya hau cikin soson, ta ɗaga gilasai duka, ta rufe ƙofofi.

Abin da ba ta sani ba, ni na gani lokacin da nake wanki: a ƙarƙashin wannan kujerar, can ɗaya gefen, Yaya ya ɓoye jarkar fetur naɗe cikin buhu don kada abokan aiki su gani su roƙa. Murfinta ma ya lalace, da leda ya toshe bakin.

Ban san sanda na saki bokitin ba.

Gilasan sun yi fari fat, ba a ganin komai ciki. Awaki suna ta jan igiya. Bayan zanar nan rumbun maƙwabta ne, ina jin muryar yaransu suna wasa. Na tsaya da hannuna a kan marfin ƙofa, ƙafafuna suna cewa in gudu. Na buɗe. Hayaƙi ya doke ni a fuska, ƙamshin turare haɗe da ƙaurin roba, kuma iska na shiga sai na ga wuta ta lasa daga ƙasan kujerar, soson yana narkewa yana ɗiga. Na durƙusa na cafko kaskon da hannu, na wurgar da shi baya. A lokacin ban ji zafi ba. Na zagaya ɗaya ƙofar, na laluba cikin hayaƙi na jawo buhun. Jarkar ta yi ɗumi, ta kumbura kamar cikin akuya. Na rungume ta na yi ta gudu har bakin rijiya, ina jin man yana motsi a ƙirjina.

Inna ce ta kashe wutar, da ruwan randa da jiƙaƙƙen buhu, tana salati da ƙarfi. Da Yaya ya shigo ya same mu, ita a tsaye zanenta sharkaf, ni a zaune a ƙasa na kasa buɗe hannuna. Ya dubi motar, ya dubi jarkar can nesa.

"Inna, mi kunka yi?"

"Ni na san ka aje mutuwa ƙarƙashin kujera?" in ji Inna. "Wa ka gaya ma?"

Yaya ya juyo wurina. Ya kama hannuna ya buɗe shi a hankali, sai a lokacin na fasa ihu.

Da yamma shi da kansa ya je ya kira Alhaji. Ina jin su ta bayan zana, hannuna cikin ƙwaryar ruwa. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana duba ramin da wuta ta ci, da rufin ciki da ya yi baƙi. Ya tambayi inda jarkar take lokacin, Yaya ya nuna masa. Ya tambayi wanda ya fitar da ita.

"Ƙanwata ce."

"Allah ya tsare gaba," in ji Alhaji. "A kai ta a duba hannun." Sannan ya miƙa wa Yaya nasa hannun, na ji ƙarar makullin motar ya faɗa ciki.

Wani yaron tasha ne ya zo ya tuƙa ta ya fita da ita. Yaya ya koma fadama wajen kawunmu, noman shinkafa, yana dawowa da taɓo har gwiwa, ba ya cewa komai a kan mota. Ni kuwa in ina kwance da rana na ji an ja birki a ƙofar gida, sai in tashi zaune kamar motar ce ta dawo, in kasa komawa kwance.