Zulma da Ƙoƙon Ƙanwarta

Zulma Pereyra a bakin hanya ta tsufa. Rumfarta tana wajen garin Castillos, inda kwalta ta ratsa dajin butiya, wata bishiya mai kama da dabino, tana soya fanke tana sayar da barasar butiya a kwalabe. Idan kaka ta shigo a watan Afrilu, 'yan hutu sun watse, 'ya'yan butiya sun nuna suna zuba ƙasa, sai masu babura su fito yawo. Duk ta san su da ƙarar injinsu. Ɗaya ne kawai take juya wa baya idan zai wuce: baƙin babur ɗin Ademar, mijin ƙanwarta Nelida.

Zulma ce Ademar ya fara nema, wannan kowa ya sani. Yana saurayi ya tsaya a ƙofar gidansu da babur ɗin aro, ya ce ta hau su je bakin teku. Ta ce bari ta canza siket. Kafin ta fito Nelida ta ɗare baya da kayan wanke-wanke a jikinta, sun tafi. Daga baya Zulma ta auri wani mahauci, mutumin kirki wanda ko keke bai yarda da shi ba, ya rasu ya bar mata rumfa. Teku kuwa ta je ta a bas sau da yawa. A wurinta wannan ba zuwa ba ne.

Duk kaka haka Nelida take wucewa a bayan mijinta, filas a hammata, tana ɗaga hannu. Da sun dawo sai ta baje a benci.

"Yaya, da kin ga tafki yau! Ga agwagin ruwa kamar an zuba su."

"Na ga kaskona. Za ki ci fanke ko labari kika kawo?"

Bana Nelida ta zame a makewayi, ƙugunta ya karye. Likita ya ce ita da babur sai dai kallo. Ademar ya ce to zai sayar, amma sai ya yi zagaye na ƙarshe ta bayan tafkin Laguna Negra ya ɓulla bakin teku. Nelida ce da kanta ta ce daga kan gado, "Ɗauki Yaya mana. Wa zai zuba maka mate?" Ta miƙa wa Zulma ƙoƙonta, wanda ita da mijinta suke shan wannan shayin ganye a ciki tun suna amarya da ango. Cikinsa ya yi baƙi wuluk, bai taɓa ganin komai ba sai ganye da ruwan zafi. "Kin dai san tsohon nan, ɗaci zalla yake sha."

"Ni za ki koya wa mate?"

Ran Lahadi Zulma ta rufe rumfa, ta sa hular kwanon Nelida, ta hau. Suka bar kwalta suka kama hanyar burji. Iska mai sanyi tana dukan kumatunta, shanu suna kwance ƙarƙashin itatuwa, ƙanshin butiya da ya ruɓe yana tashi kamar giya, gonakin shinkafa da aka girbe sun yi fari fat. Ta riƙe rigar Ademar da hannu biyu. Daɗin da ta ji ya fi yadda ta zata, kuma wannan ne ya ƙara ƙona mata rai, domin yanzu ta san abin da aka yi shekaru ana sha ba da ita ba.

Suka tsaya kan wani tudu, tafki shimfiɗe a ƙasa. Ademar ya sauka yana miƙa.

"Yaya Zulma, kin kusa karya mini haƙarƙari! Ita Nelida in ta hau sai ka rantse ba kowa a baya. Kin ga wancan dutsen? Nan take zama. Bari in ɗaukar mata hoto."

Ya yi gaba da wayarsa. Zulma ta zauna kan dutsen da ƙoƙon a hannu. Ita mai zaƙi take sha, kullum da sukari a aljihunta. Ta san sarai in sukari ya shiga ƙoƙon mai ɗaci ya gama yawo, ko a wanke shi sau nawa. Ta zuba ganye, ta daɗa sukari a kai, ta tsiyaya ruwa, ta miƙa masa.

Ya zuƙa sau ɗaya ya tsaya.

"Me kika yi?"

"Hannu ne ya saba."

"Hannu kam."

Ya kife ƙoƙon a ciyawa, ya goge shi da hankici, ya sa a jaka da kansa. Sannan ya juya kan babur inda suka fito.

"Tekun fa?" in ji Zulma. Har gishirinta tana ji a iska.

"Tana nan, ba inda za ta."

Da suka dawo gida, Nelida ta shinshina ƙoƙon, ta daɗe tana kallon cikinsa, sannan ta miƙa shi.

"Riƙe, Yaya. Ya zama naki."

"Ba za ki tambaye ni dalili ba?"

"Ke ma in siket ne ya hana ki, ai da kin taho da na jikinki."

An sayar da babur ɗin ga wani mutumin garin Lascano. Zulma tana nan a rumfarta, kuma har yanzu tana zuwa duba ƙanwarta, ta kai mata fanke, ta gyara mata matashi. Sai dai in an zauna shan mate, Nelida da Ademar suna miƙa wa juna sabon ƙoƙonsu, ita kuma tana gefe da tsohon ƙoƙon, tana zuba wa kanta.