Kawu Sanusi da Kwalabe Shida

Duk wanda ya san Kawu Sanusi ya san ba ya tsayawa a kan "ina kwana". Sai ya riƙe hannunka, ya dube ka ido cikin ido, ya ce, "Ina ciki? Yau ka zagaya? Da ruwa ko da tauri?" Liman ma bai tsira ba! Na san kuna dariya. Amma yau kwana arba'in da muka binne shi, kuma ni Lawali, ɗan ƙanwarsa, ina da maganar da ta daɗe a maƙogwarona. Bari in fara da abin da kuka sani.

Kawu ma'aikacin labo ne, ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, a Tasawa. Da masu bincike na Yamai suka tashi neman ƙwayar da ke sa jarirai zawo, shi suka ba aikin bin ƙauyuka yana tara kashin yara a kwalabe. Ni nake ɗaukarsa a moto, wato babur, akwatin ƙanƙara a tsakaninmu. Daga nan aka sa masa Mai Kwalba.

Wata ranar kasuwa a Kanan-Bakashe wani mahauci ya ce, "Malam, duk karatun lakwal ɗin da kay yi, ga kashi ta ƙare?"

Kawu ya ɗauki hanjin akuya daga faifan mutumin, ya juya cikinsa waje, ya tsoma a ruwa.

"Ka ga wannan laushi kamar gashin tawul? Kowane sili an jere shi da 'yan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani. Su ke tsotse ruwa su ba jiki. In ƙwayar da suke ce wa birus ta shiga ɗaki guda, sai ta haihu ciki, ta fasa shi, ta faɗa na kusa. Ruwa ya rasa mai tare shi, yaro ya tsiyaye. Can Yamai renon irin ɗakunan ga suke cikin faranti, su zuba masu abin da munka kai, su ga ta inda ɓarauniyar ke shiga."

Mahauci ya ce, "To hanjina fa? Wa za ya saye shi yanzu?"

"Goron malami na," in ji Kawu. Ranar romon hanji muka sha.

Ƙanƙararsa kuwa ko uwarsa ba ya ba. Wani azumi mai zafi, magariba ta riske mu a wani ƙauye kusa da Urafan. Mai gari ya ji akwai ƙanƙara, ya ce a ɗan gutsuro masa ya sa a fura.

"Ranka shi daɗe, tana da masu ita."

"Su wa?"

Kawu ya buɗe akwati. "Jikokinka. Ga su nan kwance."

Mai gari ya leƙa, ya kau da kai. "Rufe, malam. Fura da ɗumi ma lafiya ta."

Yana yawan ce mini, "Kwalba ba ta ƙarya, Lawali, mai cika ta ke yi." Ni ne na tabbatar masa da maganarsa.

Wani sati zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya ba ni kwalabe shida da sunayen yara shida masu zawo a wani ƙauye na Kona, ya ce in karɓo kafin motar Yamai ta tashi da yamma. Na tsaya wajen dara a bakin tasha, wai wasa ɗaya. Ban farga ba sai da aka kira la'asar. Na hau moto a guje, na san ba zan kai gidajen in dawo ba. A bakin rijiyar ƙauyen na ga maraƙin Agali, wani Buzu makiyayi, yana zawo. Na duba gabas, na duba yamma. Na cika kwalaben shida, na manna sunayen yara. Kawu ya sa hannu a takarda yana kwance, mota ta tafi.

Bayan wata biyu saƙo ya zo daga Yamai: birus ɗin da ke cikin yaran nan shida irin ta shanu ce, za su turo mutane su duba. Kafin su iso magana ta zagaye ƙauye, cewa shanun Agali ne ke kashe 'ya'yan mutane. Aka hana shi rijiyar da kakansa ya sha. Tsakiyar rani, ya riƙa kora dabbobinsa tafiyar yini neman ruwa. Maraƙa biyu suka mutu a hanya. Ina ji, ina gani, na yi shiru.

Kawu ya je ƙauyen shi kaɗai, ya bi iyayen yaran gida gida. Ba uwar da ta ga mai kwalba a ranar. Da ya dawo ya kira ni bayan gida, inda ba kowa.

"Lawali, rago nawa ka yanka?"

"Wane rago, Kawu?"

"Na suna mana. Maraƙi guda, suna shida: Hadiza, Sani, Mariyama... Ko ɗan sarki bai samu haka ba."

Na durƙusa ina kuka. Na ce matata na da ciki, in maganar ta fita ba ni da fuskar zama a Tasawa. Ya miƙo mini hannu.

"Tashi. Ni na sa hannu ga abin da ban gani ba."

Haka ya rubuta wa Yamai, ya ce su zubar da kwalaben, kada su gina bincike a kansu. Suka tambayi wanda ya cika su, ya ce sunansa ne a takarda. Ya je gaban mai gari ya ce kuskurensa ne, shanun Agali ba su da laifi. Aka mayar wa Agali rijiya, aka karɓe wa Kawu aiki. Duk kun ce taurin kai ne ya cinye shi. Inna, mahaifiyata, ma ta faɗa a gabana, ni kuma na gyaɗa kai.

Cikin ciwonsa na ƙarshe na nemi gafararsa. Ya ce, "Nawa na yafe tuni. Amma maraƙan ba nawa ba ne."

Satin jiya na je wajen Agali. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na faɗa masa komai. Ya ajiye butar shayinsa.

"Ashe kai ne," ya ce. "Tsohon nan sati guda ya yi yana ja mani guga, hannunsa duk ya salluɓe. Na ce ya bari, ya ce shanuna yake ba haƙuri. Na ɗauka taɓin hankali ne." Ya miƙo mini kofi. "Sha. Amma ka faɗa wa danginsa, kada su bar shi da laifinka cikin kabari."

To na faɗa. Inna, yayanki bai ɓata aikinsa ba, ɗanki ne ya ɓata.

Allah, Ka ga abin da ya rufa mini, Ka rufa masa nasa. Ka sanyaya makwancinsa, Ka ba yaran da ya yi wa wahala lafiya. Ni kuma Ka yafe mini shirun da na yi. Amin.