Sa-Hannu da Wasiƙa ta Uku

Shekara goma sha tara ke nan ina akawun kwamitin majalisa mai sa ido a kan babban banki, kuma duk tsawon wannan lokaci masinja ɗaya ne yake kai mana wasiƙu. Sa-Hannu muke ce masa. Daga bakinsa sunan ya fito, don ko takardar sanarwar taro ya kawo maka, sai ya buɗe wani dogon littafi mai baƙin bango, ya ɗora yatsa a kan layi, ya ce, "Sa hannu." Sannan ya duba agogo ya rubuta lokaci da kansa. Idan littafin ya cika, yakan kawo mini in ajiye, in ba shi sabo. Guda arba'in da ɗaya ne jere a kabad ɗina. Na arba'in da biyu ne ya jawo abin da zan faɗa.

Karatunsa bai wuce firamare ba, rubutunsa manya-manya kamar na allon makaranta. Da keke ya fara aiki, daga baya aka ba shi babur. In ruwa ya tare shi a hanya, littafin yake naɗewa a leda ya cusa cikin riga, shi kuwa ya jiƙe sharkaf. Ya taɓa gaya mini dalili. A shekararsa ta farko an kori wani tsohon masinja a gaban idonsa kan wasiƙar da ya rantse ya kai. "Takarda ba ta da baki, Akawu," in ji shi. "In ba ka yi mata shaida ba, kai za ta ci." Matarsa kuwa cewa take yi ranar da ta haifi autarsu, saura ƙiris ya ce ungozoma ta sa hannu kafin ya karɓi jaririyar.

Doka ta ce kowace shekara babban banki ya kawo wa kwamitinmu rahoton masu binciken kuɗi. Shekara uku a jere ba mu ga ko bangonsa ba. Mun rubuta sau biyu, sau biyu aka amsa mana da "ana kan aiki". Wasiƙa ta uku sammaci ce: gwamnan banki ya zo da ƙafarsa, da rahoton a hannu, cikin kwana goma sha huɗu. Ni na buga ta. Ciyaman, shugaban kwamitinmu, ya sa hannu a gaban 'yan kwamiti ranar Litinin, ƙarfe goma da minti ashirin, har yana cewa wannan karon za a ga aiki. Goma da minti arba'in Sa-Hannu ya tayar da babur.

Sha ɗaya da rabi sai ga shi ya dawo. Ya buɗe littafin a kan teburina ya ce, "Akawu, duba nan."

Ashe a bakin ƙofar banki motar Ciyaman ta cim masa. Mai riƙe wa Ciyaman jaka ya fito ya ce a ba shi wasiƙar, akwai gyara. Sa-Hannu ya ce to, amma sai ya sa hannu. Mutumin ya zazzage shi, ya ce shi wane ne da zai tsare babban mutum a titi. Sa-Hannu dai bai saki ambulan ba, sai da wancan ya fizgi biro ya yi rubutu don ya rabu da shi. Ga shi nan a shafi na ɗari da shida: an karɓe don gyara, sha ɗaya da minti biyar, da sa hannu.

Na jira gyara, shiru. Na tambaya sau ɗaya, mai jaka ya ce an gyara an aika ta wani hannu. Na rubuta amsarsa a ɗan littafina na ja bakina na yi gum. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Ranar zama zauren ya cika da 'yan jarida da kyamarori. Kujerar gwamna ba kowa. Lauyan banki kaɗai ya zo, ya miƙe cikin ladabi ya ce su ba su ga wani sammaci ba. Ciyaman ya buga tebur har kofin ruwa ya kife. Ya ce a kira masa wanda ya kai wasiƙar.

Aka tsayar da dattijon nan mai furfura a tsakiyar zaure, hula a hannu.

"Kai ne masinjan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ai littafi..."

"Rufe mana baki! Sayar da ita ka yi, ko hura wuta kuka yi da ita a gida? Irinku ne ke kashe ƙasa. Muna nan muna fama dominku, kuna can kuna barci a inuwa!"

Wasu suka yi dariya. Mai jaka yana tsaye a bayan kujerar Ciyaman yana latsa waya, ko ɗago kai bai yi ba. Nan take aka dakatar da Sa-Hannu, aka ce a shirya korarsa. Wata bakwai ya rage masa ya yi ritaya, kuma wanda aka kora ba shi da fansho. Ni da na san shafi na ɗari da shida ina zaune ina rubuta duk abin da ake faɗa, kalma bayan kalma.

Ni aka sa na buga takardar tuhuma, ni kuma na kai masa gida. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. Autarsa, wadda take aikin jinya, tana nan ko kayan aiki ba ta cire ba. A talabijin ɗin ɗakin marasa lafiya ta ga abin da aka yi wa ubanta, tana tsakiyar yi wa wani ƙarin ruwa.

"Kawu," ta ce da ni, "kana wurin fa. Ka san gaskiya. Me ya kama maka harshe?"

Na zaro takardar na miƙa wa ubanta.

Matarsa ta ce mai jaka ya riga ni zuwa, wai a ba shi littafin, kayan gwamnati ne. "Na ce masa maigidan ba ya nan, ni kuma ban san wani littafi ba. Yana surutunsa, ni kuwa a kan littafin nake zaune."

Sa-Hannu ya karanta tuhumar a hankali, ya sa hannu a kwafina, ya rubuta lokaci. Sannan ya ce, "An ce in ba da amsa a rubuce. In na kawo amsar, ina take zuwa?"

Na ce duk takardar da ta shigo wa kwamiti sai na buga mata hatimi, na ba ta lamba, na sa kwafi a fayil ɗin kowane ɗan kwamiti, na kuma karanta ta a farkon zama. Haka ƙa'ida ta ce.

"To, ka bi ƙa'idarka, ni ma in bi tawa."

Amsarsa layi ɗaya ce: "Amsata tana shafi na ɗari da shida." Ya haɗo da littafin. Na buga hatimi, na ba da lamba, na yi kwafi goma sha ɗaya na amsar da shafin. A zama na gaba na miƙe na karanta, ban tsallake ko lokacin ba.

Wata 'yar kwamiti, tsohuwar malamar makaranta, ta ɗaga kwafinta ta gyara tabarau. "Ciyaman, wannan sa hannun na wane ne? Kamar na san mai shi."

Nan da nan Ciyaman ya ce a fitar da 'yan jarida, za a yi zaman sirri. Ni ma aka ce in ajiye biro in fita. Minti arba'in da uku suka yi. Da aka buɗe ƙofa aka ba ni abin da zan rubuta: an sami rashin fahimta tsakanin ƙananan ma'aikata, an janye maganar kora.

Rashin fahimta! A gaban duniya aka ci mutuncin mutum, a bayan ƙofa aka wanke shi, ba wanda ya ce masa ko yi haƙuri. Mai jaka har yau yana riƙe da jakarsa. Ba a sake aika sammacin ba. Rahoton ya shiga shekara ta huɗu bai zo ba, wasiƙun kwamiti kuma yanzu ta ofishin Ciyaman suke fita, ba littafi, ba shaida. Shi kuwa Sa-Hannu aka karɓe babur, aka tura shi sito na ƙasa yana kakkaɓe tsofaffin rahotanni, waɗanda wasunsu ko igiyar da aka ɗaure su da ita ba a taɓa kwancewa ba. Fanshonsa ya tsira. Amma a layinsu, in ya wuce, har yau akwai mai cewa ga tsohon da ya ɓatar da wasiƙar majalisa. Autarsa ta sa kwafin shafin nan a gilashi ta rataye a ɗakinsu. Wa zai shiga ɗakin masinja ya karanta bango?

Ranar da wa'adinsa ya cika ni na sauka sito da takardar ritaya. Ya karanta, ya miƙo mini makullin sito. Na miƙa hannu zan karɓa, sai ya riƙe. Ya zaro wani littafin 'yan makaranta daga aljihu, wanda ya ja wa layuka da kansa, ya ɗora yatsa.

"Har ni, Baba?"

"Har kai, Akawu. Ai ka taɓa yin shiru."

Na sa hannu. Ƙarfe tara ne da minti hamsin.