Dami Uku na Lawwali Kuku

Ranar an tashi da zafi mai nauyi irin na ƙarshen damina, hadari ya taso daga gabas ya tsaya bai zubar ba. A ranar ne mutanen unguwar su Lawwali Kuku, can gefen Tozai, suka zauna rabon geron da suka tara wa 'yan sintiri masu gadin manoma.

Lawwali ya yi shekara ashirin da biyu a soja, kuma duk a bakin murhu ya yi su. A can ya ga yadda ake rabo: motoci su kwashi kaso babba, bindigogi su biyo baya, tukunya kuwa sai an tashi taro ake tuna ta. Ya dawo gida da ciwon gwiwa da ludayi guda. Gonar dawarsa ce ta ƙarshe a bakin daji, in babu mai gadi ba ta shiguwa.

Kamaluddeen, shugaban 'yan sintiri, ya ce a sayar da geron a sayi babur. Mataimakinsa Isah ya ce shi takalman roba yake so.

"Ku ware wa tukunya dami uku," in ji Lawwali.

"Baba Kuku, ɓarayi za mu kora ko walima za mu yi?" in ji Kamaluddeen. Aka kwashe da dariya.

"To ɗana, za ni ga wanda zai ƙoshi da babur a cikinai," in ji Lawwali.

Aka sayi babur, ragowar ta tafi takalma. Da dawa ta nuna, kullum rana na take tsaka sai 'yan sintiri su ɗare babur huɗu-huɗu, su nufi gida cin abinci. Manoma su biyo su da gudu don tsoron ɓarayi. Dawar Lawwali ta kusa zama ta tsuntsaye.

Bai yi wa kowa gori ba. Ya zaro dami daga rumbunsa, ya kafa murhu a gindin tsamiya inda suke gadi, ya turara dambu da zogale. Ranar ko wanda ya leƙa babur babu. Kwana shida ya kwashe dawarsa.

Da kaka ta zagayo, Kamaluddeen da hannunsa ya fara janye dami uku gefe, sannan aka shiga gardamar fetur da taya.

Yanzu Lawwali ya haura saba'in. Yana nan Tozai, yana noma gonar tasa, kuma shi ke dafa wa 'yan sintiri abincin rana.