Leshin Matar Malam da Manhajar 'Ya'yan Asabe

A watan nan yayata Asabe ta cika shekara bakwai da rasuwa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan toya waina in raba sadaka, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana na yi sadakar, na yi addu'ar, amma shirun ya gagare ni. Abin da 'ya'yanta suka yi da sana'arta ya tsaya mini a wuya, kuma gara in amayar da shi a nan kowa ya ji.

Ga wanda bai san ta ba, Asabe dillaliya ce a Ƙofar Gayan, cikin birnin Zazzau. Ni boko na yi, na koyar a firamare har na yi ritaya. Ita kuwa ƙullin kaya ta ɗora a ka tun da ƙuruciyarta, tana bin gida-gida. Macen da ta shiga matsi, ba ta son miji ko maƙwabta su sani, sai ta aika a kira Asabe. A ƙuryar ɗaki za a miƙa mata turmin atamfa, ko leshi, ko 'yan kunne, ta cusa cikin ƙullinta, ta fito tana yi wa mutanen gidan tsiya kamar gaisuwa kawai ta kawo ta. Ba zan mayar da ita waliyyiya don ta mutu ba. Tana da baki, tana da rowa, la'adarta kuwa ko uwarmu ce ta ba ta kaya sai ta cire.

Amma tana da doka guda wadda ba ta taɓa karyawa ba: kayan da ya fito daga unguwa ba ya komawa unguwar. Zanen Ƙofar Gayan sai Ƙofar Galadima, ko ta adana shi har matan ƙauye su shigo sayayyar biki. Ko maƙwabciya ta taya da tsada, ba ta sallamawa. Na taɓa ce mata wannan wahalar banza ce, ga mai saye a bakin ƙofa. Ta watsa mini harara ta ce, "Ke malamar makaranta, so kike mace ta je suna ta tarar da zanenta a ƙugun maƙwabciyarta?" Idan kuwa mai saye ta matsa da tambayar kayan wace ce, amsarta ba ta canzawa: "Na mai shi ne."

Bayan rasuwarta 'yarta Rabi ta gaji sana'ar. Yarinya ce mai hankali, sai dai ba ta iya cewa a'a ba. Ƙaninta Nura, wanda ya yi kwas ɗin kwamfuta ya dawo yana ganin dukanmu mutanen da ne, shi ya jajibo mana wani saurayi ɗan kamfani mai kati rataye a wuya. Suka zauna a tsakar gida suka yi bayani: akwai manhajar kasuwanci, komai za a riƙa ajiyewa a gajimare. Da na nemi a fassara mini gajimaren, ashe kwamfutocin kamfani ne a wata ƙasa da babu wanda ya taɓa takawa a zuriyarmu, kuma duk wata sai an biya kuɗin haya. Kowane kaya za a ɗauki hotonsa, a sa farashi, a rubuta sunan mai shi da lambar wayarta.

Na ce, "Sunan kuma na mene ne?"

Nura ya yi dariya ya ce, "Inna, ai in ba a cike gurbin ba, ba zai wuce ba. Kuma masu saye ba sa gani, mu kaɗai ke gani."

Gaskiya ɗaya ce, abin ya yi amfani, ko da raina ba ya son faɗa. Rabi ta samu masu saye har Kaduna ba tare da ta taka ƙofar gida ba. An taɓa zare mata waya a kasuwa, ta sayi wata, komai ya dawo daram. Na gani da idona. To amma wannan "mu kaɗai" ɗin da Nura ya faɗa, shi ne inda aka yanke mu.

Ɗan kamfanin ya ambata cewa ana iya ba kowane ma'aikaci tasa mashigar, a taƙaita abin da zai gani, sai dai kuɗin wata ya ƙaru. Ya faɗe shi da sauri, ƙasa-ƙasa, kamar mai tallar magani idan ya zo kan illarsa. Nura ya zaɓi mai araha, kalmar sirri guda ɗaya. Rabi ta sani, Nura ya sani. Matar Nura ita ke ɗaukar hotuna, dole a ba ta. Ƙanwar matar Nura wayarta ta fi fitar da hoto, ita ma aka ba ta. Wa zai dubi tsabar idon surukarsa a cikin birnin nan ya ce mata ba zai faɗa mata ba? Ai ranar sai an tara dangi. Wanda ya ƙera manhajar nan bai san gidajenmu ba, shi kuwa wanda ya tallata mana ita ɗan gari ne, ya sani sarai, ya karɓi la'adarsa ya kama gabansa.

Akwai wata baiwar Allah a layinmu, ba zan kama sunanta ba, don an kama shi ya isa haka. Mijinta malamin zaure ne, magidanta ke ɗaukar karatu a gabansa, mutum mai tsananin kamun kai. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ta kira Rabi a ɓoye ta ba ta leshin lefenta da sarƙarta ta sayar mata, ta sayi magani da kuɗin, ta ce wa Malam 'yan'uwanta ne suka taimaka. Ƙaryar da mata ke yi ke nan tun kaka da kakanni don namiji ya ci gaba da ɗaga kai a cikin gidansa, kuma Allah ya san ba ta mugunta ba ce.

Manhaja ba ta san unguwa ba, kowa take nuna wa kaya. Matar da ke gida biyu tsakaninsu ita ta sayi leshin. Sannan wata cikin masu kalmar sirrin, har yau kowa na rantsuwa ba ita ba ce, ta ɗauki hoton fuskar waya, da suna da lamba da farashi, ta tura wa ƙawarta. Kafin a ce me, hoton ya shiga guruf ɗin hirar matan unguwa na waya. Wani ɗalibin Malam ya je dubiya, da kyakkyawar niyyarsa, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai da an sanar da mu, da ba ta kai ga Hajiya ta sayar da suturarta ba." Tun daga ranar Malam ya daina shan maganin. Cewa ya yi shi ba zai haɗiyi zanen matarsa ba.

Na kira Nura na wanke shi tas. Ko a jikinsa. "Inna, ba fa kutse aka yi mana ba, manhajar lafiyarta ƙalau." Kamfanin ma haka suka ce wa Rabi: tsaronsu babu kamarsa, wanda ya shiga da kalmar da ta dace ya shiga. Wato an tona asirin matar mutane bisa ƙa'ida! Rabi ta zauna tana kuka tana goge sunaye, kamfanin suka ce akwai kwafi a ma'ajiyarsu, sai bayan wani lokaci zai fita. Wanda ke cikin wayoyin matan unguwa kuwa, wannan ya zauna ke nan.

Ina yawan tambayar kaina, da Asabe na raye me za ta ce da wannan zamani? Ba na jin za ta ƙi waya. Mai son riba ce, da ta rungume ta, da kuma sai ɗan kamfanin nan ya yi gumi kafin ya karɓi sisinta. Amma ko za a yanka ta ba za ta rubuta sunan matar wani a inda idonta ba ya kaiwa ba. Za ta tambaye shi wa zai gani, wa zai iya turawa, in ta ce a goge wa zai goge. Tambayoyin da 'yan kasuwarmu ba sa yi ke nan yau. Kowa rige-rige yake ya ce shi ma ya hau gajimare, daga mai shagon magani har tela, suna kwasar sirrin mutanen da suka amince da su suna zubawa a rumbun haya. Wannan abu yana ƙona mini rai, kuma ba zan ɓoye ba.

Asabe ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, sana'ar ma ga yadda ta koma, mata sun daina aikowa a kira Rabi. Na ɗauka babu abin da ya saura nata sai da na je ba wa matar Malam haƙuri a madadin gidanmu. Na same ta a ɗaki ta rame, rabonta da shiga taron mata tun da abin ya faru. Ana jiyo tarin Malam daga turakarsa, maganin yana nan cikin leda a bakin taga. Ba ta yi mini ƙorafi ba. Ta leƙa ƙofa, ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Malama, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Warwaron da na ba Yaya Asabe shekarar da soronmu ya rushe, shi ma yana cikin na'urar? Malam har yau bai san da shi aka yi ginin ba."

Ni da Asabe ciki ɗaya muka fito, babu ranar da ba ma haɗuwa, ni na yi jinyarta, ni na yi mata wankan gawa.

Na ce, "Wallahi Hajiya, yau na fara jin kin taɓa ba ta wani abu."

Ta rufe fuska da mayafi, tana kuka. Da ƙyar ta iya cewa, "Allah ya jiƙan Asabe."