Sahur Ɗin da Ya Kusa Tafiya da Ni

Salama gare ku 'yan uwa. Na daɗe ina riƙe da wannan labarin, don ciwon ƙaba ba abin da namiji ke faɗa a majalisa ba ne. Ku yi haƙuri da rubutun, da furfurata na koye shi a ajin yaƙi da jahilci.

Shekarar da aka fara shari'a a Jigawa ce. Ƙabar ta hana ni noma. Na sayar da tumakina, na taso daga Kiyawa aka kwantar da ni a asibitin Dutse, za a yi min aiki. Lokacin 'yata Binta tana da tsohon ciki, jikana na fari.

Ina da hawan jini. Ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

Ana gobe aiki nas ta ce, "Baba, gobe da azumi za ka tashi."

Azumi ai ba baƙona ba ne. Kafin asuba na sha kunu, na haɗa ƙwayoyin biyu na haɗiye, yadda na saba a watan Ramadan.

A ƙofar ɗakin tiyata aka ce, "Ka yi azumin?" Na ce na ɗauka.

Aka yi min allura a gadon baya. Daga cibiya zuwa ƙasa ya zama ba nawa ba. Aka ɗaure hannuwana, aka sa labule a ƙirjina. Ina ji, ina gani.

Sai zufa mai sanyi, sai tashin zuciya. Fitilar sama ta fara nisa. Na so in ce ina tafiya, harshe ya ƙi. Na so in ɗaga yatsan shahada, hannun a ɗaure.

Abu ɗaya ne a raina: zan tafi ban ga abin da Binta za ta haifa ba.

Na ji mai allurar yana cewa, "Jininsa ya faɗi, ku buɗe ruwan." Ya sa wata allura a jijiya, yana marin kumatuna. "Baba, kar ka rufe ido. Me ka sha yau?"

Da ƙyar na ce, "Sahur."

Washegari likita ya zauna a bakin gadona. Ya ce allurar baya da kanta tana saukar da jini, ga ƙwaya biyu a kai. Nas ɗin ma ta zo, idonta ja. Na ce, "'Yata, Hausa ɗaya muka yi, ba mu ji juna ba."

Ban bar asibitin ba sai da Binta ta haihu, aka ɗora min ɗanta Sadiƙu a cinya. Har yau ja'irin "Tsoho mai sahur" yake ce min. Jiya matarsa ta sauka lafiya, namiji, kuma sunana za a sa. Alhamdulillahi, tun jiya bakina ya ƙi rufuwa.

Masu hawan jini, in za a yi muku aiki, ku kai wa likita kwalin maganinku. Ku tambaya wanne za ku sha ranar, wanne za ku bari. Kar ku ƙara, kar ku daina da kanku.

In kuma aka ce azumi, ku tambaya wane iri. Na asibiti ba shi da sahur.