Magen da Hausa kawai take ji

Na ajiye magen a ƙofar tsohuwar, ta maƙale a ƙafata.

Lokacin Olamfik ne a China, an ƙi sabunta mana biza. 'Yan'uwa sun watse daga Guangzhou, ba ni da abokin hira sai wannan mage da na tsinta a jiƙe a unguwar Xintang.

Tsohuwar 'yar China ce, mai riƙon magunan titi. Ta kira ta da yarensu, ko gezau.

Na nuna wa tsohuwar bakina na ce, "Mama, ki ce: zo nan."

Ta maimaita, "Zo... nan."

Mage ta tafi wurinta, ta bar ni tsaye.

Washegari na hau jirgi. Har yau nakan tuna wata tsohuwa can tana Hausa, mage ce kaɗai ke amsa mata.

Ku wa kuka bari a baƙuwar ƙasa?